Masu Aikin Dare a Kan Ɗorawa

Duk macen da ta taɓa dafa kalwa ta yi daddawa a ƙasar Zuru, jemage na binta bashi, ko ta sani ko ba ta sani ba. Na daɗe ina faɗa wa jikokina wannan magana. Da fari dariya suke yi, sai in ce su biyo ni gona idan sanyi ya fara ja da baya, lokacin da ɗorawa ke sakin jan furen nan mai kama da tuntun hula. Da rana furen ba ya ba da komai. Sai bayan magariba ruwan zaƙinsa ke tsattsafowa, kuma a lokacin ne jemagu ke sauka a kansa, su lasa, su tashi da garin furen a fuska da ƙirji, su kai wa wata ɗorawar. Da safe zuma ke zuwa ta kwashe saura. Wasu masana biyu, Baker da Harris, sun rubuta wannan tun 1957 bayan sun sa ido a kan ɗorawa a Gana. Kuka ma haka take: farin furenta da almuru yake buɗewa, rimi kuma shi ma da dare yake karɓar baƙinsa.

Shekaru sun nuna mini cewa mutum ba ya tausayin abin da bai iya bambancewa ba. Mu a nan duk abin da ya gilma da duhu jemage ne, shi ke nan. Alhali a duniya akwai iri sama da 1,400, a Nijeriya kaɗai kusan 100. Ni waɗanda idona ya saba da su a tsakanin gari da gonakin da ke gindin duwatsu ba su da yawa, amma kowanne da halinsa.

Babban cikinsu shi ne mai gashi ruwan kara, wanda idan ya buɗe fukafukai sukan kai kusan santimita 80. Baƙon damina ne. Daga kudu yake biyo ruwa, ya cika giginya ko rimi da hayaniya, in kaka ta yi ya koma. Danginsa ne suke taruwa miliyoyi a dajin Kasanka na Zambiya daga Oktoba zuwa Disamba. A Ankara ta Gana an taɓa ɗaura wa wasunsu na'ura, aka gano suna iya kai irin itace nisan kilomita 75 daga inda suka ci. Idan ka ga ɓaure ya tsiro a tsagin dutse inda hannu bai taɓa shuka ba, ka tuna da su.

Wanda na fi ƙauna shi ne matsakaicin da ke kwana a cikin mangwaro da dogon yaro, mai doguwar fuska da ɗan farin gashi a gindin kowane kunne. Wannan farin tabo shi ne shaidarsa. Namijin yana da wani farin gashi ɓoye a kafaɗu, ba ya fito da shi sai yana neman mace, yana wani kira mai ƙara ɗaya-ɗaya har tsakar dare. Mutane da yawa sun sha jin wannan kira a bayan gida sun ɗauka tsuntsu ne ko kwaɗo. Wasu ma tsoro suke ji su rufe taga. Shi ne ya fi kowa zuwa ɗorawa a wajenmu, domin ba ya tafiya ko'ina da rani.

Ƙananan kuwa ƙwari ne abincinsu. Akwai masu shiga rufin kwano na makarantu da masallatai, waɗanda jelarsu ke fitowa waje kamar ta ɓera. Akwai masu dogayen kunnuwa da ke zama a tsohuwar rijiya ko kogon kuka. Su da kunne suke farauta: sukan saki wata siririyar ƙara da mu ba ma ji, ta bugi ƙwaro ta dawo musu. Ka tsaya a fili ranar da shinge ya tashi bayan ruwan farko, ka ga aiki. Sannan akwai mai rawayan fukafukai da ke rataye a jikin ƙaya da rana, ido buɗe, sau da yawa su biyu, mace da namiji. Ganinsa sai an yi sa'a, amma wanda ya gan shi sau ɗaya ba zai ƙara cewa jemage mummuna ne ba.

Tun muna yara ake cewa da baki jemage yake kashi. Wanda ya zauna ƙarƙashin mangwaro da haƙuri zai ga gaskiyar lamarin. Yakan tauna ɗan itace ya tsotse ruwan, ya tofar da tuƙar, ita ce ake gani a ƙasa da safe. Idan zai yi bayan gida kuwa, juyowa yake yi ya rataya da 'yan yatsun fukafukansa, kai sama, ya gama ya koma yadda yake. Haka maganar shan jini: jemagu masu shan jini iri 3 ne kawai, dukkansu a Latin Amurka suke. Sau nawa aka yanke wa bawan Allah hukunci a kan abin da ba a tsaya an duba ba? Wannan ya sa da tsufana nake jinkirin gaskata abin da aka ce game da mutum ma.

Kallonsu ba ya bukatar kuɗi. Ka je tun kafin rana ta faɗi, ka zauna ka fuskanci yamma don su gilma ta inda sama ke da sauran haske. Ka rage magana, kada ka dalle su da tocila, kuma ka hana yara danƙo. Abu ɗaya nake ja wa kowa kunne a kai: kada a taɓa jemage da hannu, musamman wanda aka tsinta a ƙasa. A 1956 an gano wata cuta 'yar uwar haukan kare a jikin jemage a Legas. Wanda ya samu cizo ko yakushi ya wanke wurin da sabulu da ruwa sosai, ya nufi asibiti a ranar.

Abin da ke damuna yanzu shi ne gatari. A da ba a sare ɗorawa ko kaɗanya a gona, ko da mai gonar ya matsu. Yau buhunan gawayi ne jere a bakin hanya, manyan itatuwan da jemagu ke kwana suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawan jemagu ɗa guda mace ke haifa a shekara, don haka garken da aka tarwatsa ba ya saurin dawowa. Tun 2020 muna da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a nan Zuru. Ina roƙon ɗalibanta su fita da littafi da alƙalami, su bi Dabai da Fakai da Sakaba da Wasagu, su rubuta itatuwan da jemagu ke kwana, da irin da ke ciki, da watan da suke zuwa. Su tambayi tsofaffin manoma da mafarauta tun muna raye, domin mun san inda manyan garkunan suke a da.