Wa Zai Buga Littafin Basakkwace?

Masu iya magana suka ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wannan karin magana ya dace da halin da adabin ƙasar Sakkwato yake ciki, domin rubutu dai muna yi, amma inda za a buga shi ya fito da kamanninsa shi ne abin da ya dame mu.

Ba sai an tsaya dogon bayani ba, kowa ya san Sakkwato gidan alƙalami ce. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Malam Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello sun bar littattafai masu ɗimbin yawa. Nana Asma'u kuwa ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, jajojinta na 'Yan Taru suna kai su ƙauyuka wurin mata. A wancan zamani magwafa su ne maɗaba'a, almajiri ya kwafa ya ba almajiri. To amma abin lura shi ne, da aka tashi tattara ayyukan Nana Asma'u wuri guda a 1997, Jean Boyd da Beverly Mack ne suka yi aikin, kuma a Amurka aka buga shi. Mun gode musu, sai dai malamin makaranta nawa ne a Gidaɗawa ko Wurno yake da kwafinsa?

Ɗab'in boko kuwa tun farko a Zariya ya yi sheƙa. Daga can aka shirya gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja, can aka fara jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, can aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sannan kamfanin NNPC a 1966. Da tsarin SAP ya zo a 1986, darajar naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, sai manyan kamfanoni suka fi mayar da hankali ga littattafan makaranta. Marubutan Kano ba su zauna jiran tsammani ba. Irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka riƙa buga nasu da kuɗin aljihunsu, suka kafa ƙungiyoyi kamar Raina Kama, har kasuwa ta buɗe. Sun yi abin a yaba, kuma da Hausar garinsu suka yi shi.

A nan ne gizo yake saƙa. Daidaitacciyar Hausa ta fi kusa da Kananci, kuma mu da muke koyar da ita a sakandare mun san amfaninta. Idan ɗalibi ya rubuta "munka tahi" a insha'in jarrabawa, dole mu nuna masa "muka tafi", domin da wannan ma'auni za a auna shi. Amma waƙa ba jarrabawa ba ce. Gaɓar farko ta "munka" mai nauyi ce, ta "muka" kuwa mai sauƙi. Duk wanda ya musanya su a cikin baiti ya karya karin waƙar. Mun sha ganin haka ta faru: mawaƙi ya kai rubutunsa wata maɗaba'a, mai buga keke ya ga "wanga" da "ɗiya" da "hwarko", ya ɗauka kure ne, ya gyara da kyakkyawar niyya. Littafi ya fito, a zo rerawa, harshe ya riƙa tuntuɓe. Haka nan in aka rubuta waƙoƙin Narambaɗa ko na Ɗanƙwairo da Hausar littafin aji, mai karatu ba zai ji muryar da ya saba ji ba.

Saboda haka ƙaramar maɗaba'a ta gida ba ƙaramin abu ba ce. Masu buga ƙasidun ajami da ake kasawa a bakin Masallacin Shehu sun daɗe da nuna mana hanya, ba su taɓa jiran wani babban kamfani ba. Ga shawararmu ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa. Mu yi adashen ɗab'i, wanda ya kwasa ya biya kuɗin takarda da na faranti. Kada mu yarda a hau inji sai marubuci ya karanta gwaji da idonsa, in waƙa ce ya rera ta baiti baiti. Bayani ya zo da daidaitacciyar Hausa, amma a bar wa tsohuwar Kware ta yi magana da bakinta, a sa jerin ma'anonin kalmomi a ƙarshe don Bakano da Bazazzagi. A rubuta shekarar bugu da sunan gari a bangon ciki, domin littattafai da yawa sun fito ba shekara, manazarta na ta wahala da su. Daga nan a kai kwafi Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu da ɗakin karatu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, don ko na kasuwa ya ƙare, na ajiya yana nan.

Yaranmu na yau a waya suke karatu, kuma Hausar da suke gani a can ta wasu garuruwa ce. In ba su ga tasu a shafin littafi ba, za su taso suna jin cewa maganar kakanninsu kure ce da ake gyarawa da jan biro. Wannan nauyi a wuyanmu yake. Allah ya ba mu ikon sauke shi, amin.