Kwanson harsashi: abin da tagulla ke ɗauka a madadin maharbi

A cikin sassa huɗu da ke haɗa harsashi, kwanso ne ba a yi wa kallon arziki. Dalma ce ke tafiya, albarushi ne ke tura ta, 'yar hular da ke gindi ita ke tada wuta, shi kuwa kwanso sai ya faɗo ƙasa a taka shi a wuce. Amma a Amurka da Turai, inda doka ta yarda mutum ya ɗura harsashinsa a gida don gasar harbin nesa, a wajen zaɓen kwanso gwanaye suka fi ɓata lokaci da kuɗi. Ni da na tashi a Malumfashi ina ganin mafarauta na ɗura bindigar toka, wadda ba ta san kwanso ba sam, wannan lamari ya daɗe yana ba ni mamaki.

Ga abin da ke faruwa a cikin ƙiftawar ido. Idan albarushi ya kama, ƙarfin iskar da ke cikin harsashi irin .308 Winchester yakan kai kusan ninki dubu biyu na iskar tayar mota. Nan take kwanson zai buɗe ya manne da bangon bindiga, ya toshe hanyar baya don kada wuta ta dawo fuskar maharbi, sannan ya ɗan tsuke yadda za a iya zare shi. Ƙarfen da zai buɗe kuma ya koma ba tare da ya tsage ba, shi ake nema, kuma tagullar da aka haɗa da jan ƙarfe kashi 70 da tutiya kashi 30 ita ta fi cika wannan sharaɗi.

To, me masu ɗuri ke dubawa? Ba kyau ba, ba sheƙi ba. Daidaito suke nema: kwanso ɗari su zama kamar an tsaga kara. Sukan sayi na kamfani ɗaya, bugu ɗaya, su auna nauyin kowanne, domin wanda ya fi kauri cikinsa ya fi ƙunci, ƙuncin kuma yana ƙara ƙarfin fashewa, sai dalmarsa ta sauka a wani wuri dabam. A taku hamsin ba za ka ga bambanci ba. A mita dubu za ka gani. Sukan duba kaurin wuyan kwanso ta kowane gefe, don wuya mai gefe ɗaya kauri ba ya sakin dalma a miƙe. Shi ya sa sunan Lapua na ƙasar Finlan da Norma na Suwidin ya yi tashe duk da tsadarsu: sun rage wa mai saye aikin tsince-tsince.

Inda abin ya fi burge ni shi ne batun gajiyar ƙarfe, domin ilimi ne da maƙeran farinmu suka riga suka sani. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai ƙera mundaye ya ga yadda tagulla ke taurara idan ta sha guduma, har sai an mayar da ita wuta ta yi laushi, in ba haka ba ta dare. Haka kwanso yake. Kowane harbi da kowace matsa suna taurara wuyansa, don haka masana'anta ke gasa wuyan kaɗai, su bar gindin da taurinsa, saboda gindi mai laushi ba zai riƙe wuta ba. Launin shuɗi-shuɗi da ake gani a kafaɗar sabon kwanso shaidar wannan gashin ne, ba tsatsa ba. Kwanson da wuyansa ya tsage, ko wani siririn zobe mai haske ya bayyana kusa da gindinsa, ya gama aiki.

Akwai wani tarihi da ya kamata manomin yankinmu ya ji. Sojojin Ingila a Indiya sun riƙa tarar da kwansunansu a tsage bayan damina, musamman waɗanda aka ajiye a bargar dawakai. Sai a 1921 aka tabbatar da dalili: tururin da ke tashi daga fitsarin doki, wato amoniya, yana cin tagullar da ke ɗauke da gajiya. Kakata takan hana a ajiye tasoshinta na tagulla a ɗakin da ke jingine da turken awaki, ba tare da ta taɓa jin labarin Indiya ba. Yau da kowane gida daga Funtuwa zuwa Ƙafur ke jibge buhunan takin yuriya, gargaɗin nata ya ƙara nauyi.

Bindigar toka ba ta da wannan garkuwa. Kawuna, wanda ya yi farauta shekaru da dama, da tafin hannu yake awon albarushi, ya danna tsumma, ya bi da dalma. Duk nauyin da kwanso ke ɗauka a bindigar zamani, a nan bututun da maƙeri ya samo ne ke ɗaukarsa, kuma sau da yawa bututun ba don wuta aka yi shi ba. Na san mutum biyu da suka rasa yatsu ta wannan hanya. A ganina jarumtar mafarautanmu ba abin musu ba ce, amma awon tafin hannu caca ce, ko da an yi shekara talatin ana ci.

Kada wani ya ɗauka ina kwaɗaitar da shi ne. Dokar bindigogi ta 1959 ta hana mutum ƙera ko harhaɗa harsashi a gida a Nijeriya. Aikin na hukuma ne, irin masana'antar DICON da aka kafa a Kaduna a 1964. Dalilin da ya sa sanin kwanso ya shafe mu ya fi wannan ɗaci. A gonakin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, garma takan tono kwansuna tun da 'yan bindiga suka addabi yankin. Da yawansu ma ba tagulla ba ne, baƙin ƙarfe ne da aka shafa wa fenti, irin mai arha da ake yi wa AK-47. Maganaɗisu zai kama shi, ba zai kama tagulla ba. A gindin yawancinsu akwai lambar masana'anta da shekarar ƙira. Irin waɗannan alamomi masu bincike ke karantawa su bi sawun makami, kamar yadda ƙungiyar Conflict Armament Research ta yi a rahotonta na 2020 kan makaman da aka kama a Katsina da Kaduna da Zamfara. Idan yaro ya tsinci kwanso ya kai wa 'yan gwangwan aka narkar, an ƙone takardar shaidar da ke faɗin inda harsashin ya fito.