Ƙwayar darma ba ta san zana ba

A Amurka, masu ajiye bindigar farauta don tsaron gida sun daɗe suna gardama a kan kartush ɗin da ya dace. Wanda aka fi saye, mai lamba 00, yakan ɗauki ƙwayoyin darma 9, kowace faɗinta ya ɗan haura milimita 8. Asalinsa na harbin manyan namun daji ne. Wasu kuwa sun fi son mai lamba 4, mai ƙananan ƙwayoyi wajen 27, don gudun kada harbin ya huda bango ya sami yaron da ke barci a ɗaki na gaba.

Wannan fargabar ce ta tsaya mini a rai, ni da nake malamin lekol kuma uban ƴaƴa. Ban ga laifin magidancin Madarunfa ko Gidan Rumji ba, wanda ɓarayin shanu da masu satar mutane suka hana wa barci, in ya yi tunanin bindiga. Amma su bango suke kuka da shi. Mu sau da yawa zana ce kawai tsakaninmu da maƙwabci, ga yara kwance a tsakar gida lokacin bazara. Ƙwayoyin nan in sun fita, babu mai iya kiran ko ɗaya ta dawo.

Ni dai ban ajiye ba. Wanda ya ga dole, ya nemi izinin hukuma, ya cire kartush ya kulle shi daban. Iyaye, kada ku dogara da “ai na ɓoye”. Ɗalibaina na CM2 sun san inda kuke ɓoye komai.