Ba Kowane Ciwon Mai Ciki Ne Laulayi Ba

A gidajenmu na Kwatano, daga Zongo har Vêdoko, duk abin da ya sami mai juna biyu laulayi muke kiransa. A dafa mata jiƙo, a ce ta yi haƙuri. To, akwai ciwon da haƙuri ba ya magani: wanda ke murɗa saman ciki, ya ratsa har gadon baya, ga amai ba ƙaƙƙautawa.

Goyon ciki kan sa matsarmama ta yi nawa, har tsakuwa ta taru a cikinta. In ɗaya ta gangaro ta toshe hanya, sai pankireyas, gaɓar da ke taimakon narkar da abinci, ta kumbura, uwa da ɗa su shiga haɗari.

A babban asibiti irin CNHU, gwajin jini da hoton eko, wanda ba ya cutar da ɗan ciki, su ke gano shi. Akan fara da ƙarin ruwa da maganin raɗaɗi. Kalmar tiyata ce ke firgita mu, magidanta musamman, alhali wata 4 zuwa 6 ne lokacin da ya fi dacewa da cire matsarmamar, kuma jira har haihuwa kan sa ciwon ya dawo. Mace na rayuwa lafiya lau ba matsarmama, ta haihu, ta shayar.