Ranar da kalangu ya haɗiye sunan uwar amarya

Jama'a, bari in ba ku labarin kunyar da na sha a nan Agege, ko za ta amfani matasanmu masu haɗa sauti.

Waƙar bikin 'yar maƙwabcinmu aka kawo mini. Kwana biyu ina kan FL Studio, na ƙure sifika, kiɗa yana dukan ƙirjina ina ta murna. Ranar kamu aka watsa waƙar a WhatsApp. Da la'asar uwar amarya ta aiko aka kira ni, ta ce, "Ɗan nan, ina sunana?" Sunan yana ciki har sau uku, amma a wayarta kalangu ya haɗiye shi. Kun kuwa san waƙar biki, sunayen nan ake biya wa kuɗi.

Laifina ne. Kalangu ganga ce mai magana, inda muryar mutum take zama nan shi ma yake zama, sai su yi ta kishi. Ga kuma amsa-kuwwa da na lafta wa muryar har kalmomi suka narke.

Yanzu da murya nake farawa, sannan in shigo da kayan kiɗa ɗaya bayan ɗaya, sifika ƙasa-ƙasa. Ina yanke mata gurnanin da ke ƙasa da Hz 100, in ɗan rage kalangu tsakanin 1000 da 3000, inda lafazi yake fitowa. In ta nutse, kiɗan nake ragewa, ba ita nake ƙara wa ƙarfi ba. Kafin in miƙa aiki sai na saurare shi a tsohuwar wayar ƙanena.

A daren na gyara waƙar Hajiya. Cikon kuɗina kam ban iya buɗe baki na tambaya ba.