Inda ake tunawa da dabbobi

A Agadas da wuya a shiga gida ba a tarar da dabba ba. Wani gida akuya ce ɗaure a turke, wani gida tantabaru ne bisa soro, wani kuma kyanwa ce kwance a gindin randa. A bayan gari, wajen Abzinawa, raƙumi shi ne dukiya, shi ne kuma abokin tafiya. Suna da karen farauta mai dogayen ƙafafu wanda suke kira oska. Yawanci yara ne ke kula da ƙananan dabbobin gida. Su ke yanko musu ciyawa, su ke ba su ruwa, su ke raɗa musu suna. Saboda haka idan dabba ta mutu, yara ne suka fi jin zafi.

Manya kuwa ba su cika lura ba. Da safe sai a ɗaura wa mushen igiya a ƙafa, a ja shi bayan gari, a bar wa angulaye. Yaro na kuka, a ce masa: "Share hawayenka, dabba ce fa, za a sayo wata." Ana sayo wata, amma ba ita ba ce. Wadda ta mutu ita ce ta san muryarsa, ita ce ke tarbarsa a bakin zaure in ya taso daga lakwal. Yaron da aka yi wa dariya sau ɗaya ba ya sake kuka a gaban mutane, sai ya haɗiye. Ga rashin abin da yake so, ga kuma rashin wurin da zai je ya tuna da shi.

Amma mutanen da suka zauna wannan ƙasa tun da can ba haka suka riƙa yi ba. A yammacin Agadas, can wajen Ingal da Tagidda, akwai wani wuri da ake kira Shin Tafidet. Masu binciken tarihi sun yi tono a wurin, sun sami kaburburan mutane. Kusa da su sun sami ramukan da aka binne shanu, har da karnuka. Ƙasusuwan ba a warwatse suke ba kamar na naman da aka ci aka yar. An jera su ne da kyau, aka rufe. Wannan ya fi shekara 3000 da faruwa, lokacin da akwai ruwa da ciyawa a yankin. Wasu shanun yanka su aka yi don wata al'ada ta mutanen, amma duk da haka sai da aka haƙa musu rami kusa da masu su.

A arewacin Agadas kuma, ba nisa da hanyar Arlit, akwai duwatsun Dabus. A bisa wani falalen dutse an sassaƙa raƙuman dawa biyu. Babban ya fi mita 5 tsawo. Wani Bafaranshe mai suna Christian Dupuy ya sanar da duniya labarinsu a 1987, ko da yake makiyayan wurin sun daɗe da sanin su. A 1999 aka ɗauki kwafinsu, aka zuba shi da ƙarfe, aka kafa guda a filin jirgin sama na Agadas. A kewayen dutsen akwai ɗaruruwan zane, galibinsu na dabbobi, shanu da jiminai da bareyi. Yau babu raƙumin dawa a Abzin. Waɗanda suka rage a Nijar suna wajen Kure, kusa da Yamai, sai kaɗan da aka kai Gadabeji a 2018. Dabbobin sun tafi, masu zanen sun tafi, amma wanda duk ya hau dutsen zai san cewa wani ya taɓa duban raƙumin dawa da kyau, har ya ƙirga roɗi-roɗin jikinsa, ya kwashe kwanaki yana sassaƙa don kada a manta.

Akwai kuma labarin da kowane madugu ya sani. A tsakiyar Tenere, kan hanyar da ayarin gishiri ke bi daga Agadas zuwa Bilma, an yi wani iccen kandili guda ɗaya tak. Sai a yi kwana da kwanaki ana tafiya ba a ga wani icce ba, sai shi. Da aka haƙa rijiya kusa da shi wajen 1939, sai da aka yi fiye da mita 30 kafin a tarar da ruwan da saiwarsa ke sha. Fatake na girmama shi. Ba a karya reshensa a hura wutar shayi, ba a barin raƙumi ya ci ganyensa. A 1973 wata babbar mota ta buge shi ya faɗi. Ran 8 ga Nuwamba na wannan shekara aka kai busasshen iccen gidan ajiyar kayan tarihi na Yamai, aka gina masa rumfa. A inda ya tsaya kuwa aka kafa wani icce na ƙarfe. Iccen ƙarfe ba ya ba da inuwa, ba ya ba da ganye. An kafa shi ne don matafiya su sami inda za su tsaya su ce: nan yake da. Ba na mutum ɗaya ba ne, na duk wanda ya bi hanyar ne.

Shekarar da iccen ya faɗi ita ce shekarar babban fari. A 1973 da 1974, da kuma 1984, makiyaya da yawa sun rasa garkensu. Wasu sun shigo Agadas da ƙafa, daga su sai igiyar da suke jan raƙumi da ita. Tsofaffi har yanzu suna ba da labarin dabbobin nan, ba da lissafi kaɗai ba, kowace da launinta da halinta: taguwar da ba ta yarda kowa ya tatse ta sai uwargida, amalen da ya san hanyar rijiya ko da dare. Mutumin da ya riƙe labarin taguwarsa shekara 40 ba zai yi wa yaro dariya ba don ya yi kukan ɗan akuyarsa.

A wasu ƙasashe har makabarta ake keɓe wa dabbobi. A Asniyar, kusa da birnin Paris a Faransa, an buɗe irin wannan wuri a 1899, a bakin kogin Sen. Kafin nan mutane na jefa mushe cikin kogi ko bisa juji, yana ɓata ruwa, yana kawo cuta, sai doka ta ce a riƙa binnewa. Akwai karnuka a ciki, da kyanwoyi, da dawaki, da tsuntsaye. A bakin ƙofa an kafa sifar wani kare mai suna Barry, wanda aka ce ya ceci mutum 40 da suka ɓace cikin ƙanƙara a duwatsun Suwis. A 1958 wani karen da ba shi da ubangida ya zo ya mutu a ƙofar makabartar. Aka binne shi a ciki, ya zama dabba ta 40,000, aka yi masa alama kamar na masu gata.

Agadas ba Paris ba ce, kuma Musulmi ba ya yi wa dabba jana'iza. Amma addini bai hana tausayi ba. Malamai na ba da labarin wani ƙaramin yaro a Madina, Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, wanda ke da ɗan tsuntsu yana wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, yaron ya shiga damuwa. Da Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya gan shi haka, sai ya tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun, ya rarrashe shi.

Abin da ƴan lakwal za su iya yi ba ya bukatar kuɗi. Mushe dai ba a taɓa shi da hannu, don wasu cututtukan dabba na kama mutum. Babba ne zai haƙa rami mai zurfi, nesa da rijiya, ya rufe. Wurin tunawa kuwa dabam ne. Sai a zaɓi kusurwa ɗaya a filin lakwal, a dasa kandili ko aduwa, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Duk yaron da dabbarsa ta mutu sai ya samo dutse mai faɗi, ya zana ta a kai, ya rubuta sunanta da Hausa ko da Tifinag, ya ajiye a gindin iccen. Shi ne kuma zai yi ban ruwa a wannan mako. Mai tantabara da mai ɗan raƙumi duk wuri ɗaya za su ajiye nasu. Yaron da ya zo da dutsensa zai tarar da na wasu a can, ya san ba shi kaɗai ba ne. Bayan ƴan shekaru iccen zai yi inuwa, ƙannensu su zauna a ƙarƙashinsa suna karanta sunayen.

Tambayoyi

1. Me aka samu a Shin Tafidet?
2. Don me aka kafa iccen ƙarfe a Tenere?
3. Me ya sa ba a taɓa mushe da hannu?
4. Ku tambayi wani tsoho a unguwarku labarin dabbar da bai manta da ita ba, ku rubuta shi cikin layi 10.