Godiya Ga Masanan Samaru Kan Tsutsar Wake

Duk wanda ya taɓa noman wake tsakanin Funtua da Malumfashi ya san baƙin cikin da nake nufi. Gona ta yi kore shar, fure ya fito, har ka fara lissafin buhuna a zuci. Sai wata safiya ka duƙa ka ga furen ya zube ƙasa, kwanso biyu sun manne da wata saƙa kamar ta gizo-gizo, ga ɗan rami da kashin tsutsa a bakinsa. Ka ɓare, ka tarar da ita kwance a ciki, fara-fara mai ɗige-ɗigen baƙi, ta gama da 'ya'yan. Masana suna kiran ta maruka, kuma in ta yi ƙamari takan lashe har kashi 80 cikin 100 na abin da manomi ya sa rai.

Shekara da shekaru ba mu da dabara sai feshi. Sau shida, wani lokaci sau takwas a damina guda. Ƙanena ne ke goya famfon, ya dawo gida ido jajur, kai na sara, kuɗin magani kuwa ya cinye ribar tun wake yana gona. Ga shi tsutsar tana ɓuya ne cikin fure da kwanso, inda feshin ba ya isa sosai.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, in gode wa masanan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, IAR, ta Jami'ar Ahmadu Bello, musamman Farfesa Mohammad Faguji Ishiyaku da abokan aikinsa. Kusan shekara goma suka yi suna gwaji, tare da gidauniyar AATF mai hedikwata a Nairobi, kafin a saki irin SAMPEA 20-T ga manoma a Disambar 2019. Wata ƙwayar gado aka ɗauko daga bakteriyar da ke rayuwa cikin ƙasa aka sanya wa waken, ta yadda tsutsar in ta ci sai ta mutu.

Bara na shuka shi a gonarmu ta gado. Feshi biyu kacal muka yi, saboda sauran ƙwarin da ke tsotsar kwanso, waɗanda irin bai hana su ba. Malamin gona ya faɗa mana haka tun farko, kuma na ji daɗin wannan gaskiyar. Ranar ɗiba na riƙa ɓare kwanso ɗaya bayan ɗaya, ina neman ramin nan da na saba gani, da ƙyar na samu. Inna ta dubi waken cikin faifai ta ce, "Allah Ya yi wa masu wannan aiki albarka." Saƙonta ne nake isarwa.

Na san akwai masu ɗari-ɗari da irin da aka taɓa ƙwayar gadonsa, kuma haƙƙinsu ne a yi musu bayani da Hausa, a masallaci da kasuwa. Ni dai abin da idona ya gani na faɗa.

Malamai, mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara basira. Roƙonmu ɗaya ne: a kawo irin na gaskiya shagunan Funtua, Bakori, Ƙafur da Malumfashi kafin lokacin shuka, a farashin da ƙaramin manomi zai iya saya.